Bututun da Ya Cire Maka Hula a Tashar Gummi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga babban yaron gidan nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyarka, da idanunka biyu, da haƙoranka cif a bakinka. Kada ka yi dariya, da gaske nake wannan addu'ar. Innarku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, kowa lafiya yake, in ban da ni.

Ka san ban taɓa rubuta maka takarda ba. Ko zama ban taɓa yi da kai ba in ce maka ga yadda ake abu kaza. Kai ne ɗan fari, a ɗakin kakarka ka tashi, kuma haka muka tarar ana yi: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya jan sa a jiki, in yana da magana sai ya aika ta bakin wani. Ni kuwa na riƙe abin nan hannu bibbiyu. Ko wani mai irin sunanka na haɗu da shi, sai in ce masa "mai sunan yaron gidana". Daɗi nake ji in an ce Garba direba akwai kunya. To ranar da ka yi lodi a tashar Gummi na ga inda kunyar nan ta kusa kai ni.

Ba ka san na zo tashar ba. Na zo. Innarku ce ta soya maka kifi, ta ce tunda ranar ce farkon fitarka da tirelar da maigidanka ya damƙa maka, kuma daga Gusau kudu za ka wuce sai yadda hali ya yi, kada ka tafi hannu sake. Ita ba za ta iya miƙa maka ba, ni ma haka, sai muka shirya zan kai in ba wani ya ba ka. Na tsaya a rumfar abokina Mamman mai faci, da ledar kifi a hannu, ina hango ka daga nesa. An riga an ɗora maka injin casar shinkafa a kan tirelar taka marar bango, kana zagayawa kana nuna wa 'yan lodi inda za su jefa sarƙa. Wallahi raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ashe yaron nan ya zama mutum.

Sai kuma idona ya kai kan abin da kake yi. Maɗaurin sarƙar da ke hannunka irin na da ne, mai ƙugiya biyu da dogon hannu, wanda sai an danne hannun ya kwanta sannan sarƙa ta ɗame. Ka danna, ya ƙi kwanciya. Ka sake dannawa, ya ƙi. Maimakon ka sassauto sarƙar, sai na ga ka miƙa hannu an ba ka bututun ƙarfe, ka zura a hannun maɗaurin. Ka hau kan tirelar ka tsaya a kansa, ka sunkuya, fuskarka daidai saitin ƙarfen. 'Yan lodi biyu suka kama bakin bututun daga ƙasa suka rataya, ɗayansu da silifa, a tsaye kan baƙin mai da ya zuba. Mutane suka taru ana ta "a ja! a ja!" kamar ana fitar da saniya daga rijiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na san ƙarshen wannan tsayuwar, a bakina take rubuce. Na ɗaga murya na ce, "Kai! Kai yaro!" Rabin tasha suka juyo, ban da kai. Wa ba "kai" ba a tasha? Wa ba yaro ba? Mamman ya kama ni da hannu yana girgiza ni, ya ce, "Garba, ba shi jinka hwa! Kira sunanai!"

Na buɗe baki. Sunan yana nan a maƙogwarona, ni na raɗa maka shi a kunne ta bakin liman, amma harshena ya ƙi ɗaukarsa. Tun da aka haife ka bai taɓa bi ta bakina ba, ranar da nake nemansa sai ya ƙi zuwa. Ina cikin wannan kokawa ƙafar mai silifa ta zame, ya saki, ɗayan ma ya saki. Hannun maɗaurin ya dawo da ƙarfinsa duka, ya yi cilli da bututun. Na ga hularka ta tashi sama. Na ji ƙara a kan kwanon rumfar mai shayi. Daga nan ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba.

Da na ɗago kai, me zan gani? Kana dariya. Kana shafa kai kana dariya, 'yan lodi suna tafa maka, wani yana cewa yau ka sha da ƙyar. Kuka sake kamawa, kuka danne maɗaurin ta ƙarfi, ka hau mota ka ja, ko hular ba ka nema ba. Ni kuwa ina zaune a ƙasa cikin tsofaffin tayoyi. Bayan ka tafi mai shayi ya hau ya sauko da bututun, kwanon rumfarsa ya ɓurme. Ya sauko da hular ma. Tana wurina. Gabanta ya yage, na sa yatsana a yagewar ya wuce. Na gwada ta a kaina na auna inda yagewar ta tsaya da inda goshi yake farawa, ko faɗin yatsa biyu babu.

Na koma gida da ledar kifin a hannu, ban ma san ina riƙe da ita ba. Innarku ta dube ni ta ce, "Mi ya hwaru? Ga kihin ka maido." Na gaya mata. Ta zauna a bakin turmi. Can ta ce, "Kana tsaye, kana gani, kak kasa kiranai?" Na ce haka aka yi. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Sai ta ce, "To ni da kai wa ya hi wani? Da ni ta wurin, haka za a yi. Kunyag ga tamu, da an kawo muna shi cikin tabarma, ita za mu runguma?" Ranar ba wanda ya ci abinci a cikinmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Yaran motar da suka bi ta hannuna a tashar nan ba su ƙirguwa, kuma babu wanda ban ja kunnensa a kan sarƙa ba. Wasu na zage su, wasu na make su. Suna nan da fuskokinsu garau, wasu har sun yi jikoki. Kai kaɗai ne ban koya wa ba. Na bar ka ka je Gusau ka koyi tuƙi a hannun wasu, ina cewa ai za su gaya maka. Ashe ba su gaya maka ba, ko sun gaya maka ka ɗauka surutun tsofaffi ne. To yau za ka ji daga bakina, kuma ka karanta har ƙarshe, kada ka ninke ka sa a aljihun mota.

Bari in fara da bakina. Kun taso kun ga haƙoran gabana babu, muƙamuƙina a karkace, kun ji ana cewa "aikin mota ne". Ba hatsari ba ne, motar tana tsaye cik. Ina yaron mota a lokacin, a hannun maigidana Labbo, Allah Ya jiƙansa. Mun yi lodin rodi a Anka. Labbo ya tafi alwala, ya ce in jira shi. Ni kuwa ina ji da ƙuruciya, ina so ya dawo ya tarar na gama. Maɗauri ya ƙi kwanciya, na ɗauko bututu, na tsaya a kansa, na danna da ƙirjina. Yadda ka yi, haka na yi, ko tsayuwar ƙafar iri ɗaya ce, abin da ya ƙara gigita ni ke nan. Bambancinmu ɗaya: ni ba hula ya samu ba. Na farka a asibiti bakina a ɗaure, na daɗe kunu kawai nake zuƙa. Da Labbo ya zo duba ni bai ce mini sannu ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Garba, in sarƙa ta ƙi, ba ƙarhi taka so ba. Zobe guda za ka sassauto. Zobe guda, ɗan banza!" Sannan ya juya baya yana share ido.

To ka ji. In ka danna maɗauri da ƙarfin hannunka ya ƙi kwanciya, sarƙar ce ta yi gajarta. Ka buɗe, ka matsar da ƙugiya zobe ɗaya, ka sake gwadawa. In ta yi sako-sako, ka koma ka gyara zaman sarƙar a kan kayan, ko ka canza inda ka maƙala ta a jikin mota. Wanda ya ƙera ƙarfen nan ya yi hannunsa daidai ƙarfin mutum ɗaya, ba don ƙarfe ya ƙare masa ba. Duk ƙarfin da ka ƙara da bututu ba ya tafiya ko'ina, yana nan a cikin hannun yana jira. Ranar da ya samu hanya, kai zai dawo wa. In bai dawo maka ba, sarƙar ce za ta miƙe ko ƙugiya ta buɗe a hanya, inda ba ka gani. In akwai bututu a motarka, ka fitar da shi. Ka ba mai walda ya yi ƙafar benci da shi.

Sai tsayuwa. Ka sauko ƙasa, ƙafafunka biyu a kan busasshiyar ƙasa, da takalmi mai rufi, ba silifa ba. Ka tsaya a gefe. Kafin ka taɓa hannun maɗauri, ka duba hanyar da zai bi in ya ƙwace, ka cire fuskarka da ƙirjinka daga wannan hanyar. Kada ka hau kan kaya ka danna da nauyin jikinka, domin in ya kwanta farat ɗaya ko ya zame, ƙasa za ka yi da ka. Ka shirya maɗauranka ta gefen da ba titi ba, yadda in ka tsaya a hanya ba za ka juya wa motoci baya ba. Rigar nan taka mai faɗin hannu da na gani, ka cire ta ka rataye kafin ka fara. Kwalliya ta jira a gama lodi.

Na biyu shi ne yatsana. Kuna yara kuna yi mini dariya in ina cin tuwo, wai yatsan Baba ba ya lanƙwasa. Wannan a wajen kwancewa na samo shi, lokacin har na zama direba, ina ganin na gama sanin sarƙa. Mun kai taki Bukkuyum, ana ta kirana in zo in ci abinci, na zo da gaggawa na damƙi hannun maɗauri da yatsuna duka na fizga. Ya tashi da hannuna ya haɗa shi da gefen mota. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Mutane suna tsoron ɗaurewa, suna manta kwancewa, alhali duk ƙarfin da ka zuba da safe yana nan a ciki har yamma, kuma kayan sun yi ta motsi a hanya, wataƙila sun jingina a kan sarƙar. Kafin ka buɗe, ka zagaya ka duba ko kayan sun karkata. In sun karkata, kada ka tsaya ta gefen da suka nufa, kuma kada ka buɗe sai an tallafe su. In za ka ɗaga hannun, tafin hannunka a buɗe, ka tura shi daga ƙasa kana gefe, yadda in ya tashi zai bar ka ya tafi shi kaɗai. Kada ka dunƙule yatsu a kansa. Ƙarfe ba ya jiran ka saki.

Na uku bai bar mini tabo a jiki ba, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Sarƙata ta tsinke, maimakon in yar da ita sai na haɗa ta da ƙusa mai noti, na ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Da ita na ɗaure wa wani tarakta daga Gummi. Ranar kuma ban ɗaure hannun maɗauran da waya ba, na ce ai sun kwanta. Muna cikin gargadar hanya wajen Zugu, na dubi madubi na ga taraktar tana leƙo ni ta gefe. Ƙusar ta karye, wani maɗaurin kuma girgiza ta buɗe shi, sarƙa tana jan ƙasa. A bayana akwai mai babur da mace da goyo. Na riƙa taka burki a hankali ina salati, gumi yana zuba, har Allah Ya sa na tsaya tayar taraktar tana bakin katakon bayan mota. Mai babur ya wuce yana ɗaga mini hannu, bai ma san abin da ya tsallake ba. Ni na sani.

Saboda haka kafin ka jefa sarƙa a kan kaya, ka bi ta da hannu da ido, zobe bayan zobe. Wanda ya miƙe, wanda ya tsage, wanda ya siɗe ya yi siriri, wanda aka yi wa walda ko aka haɗa da ƙusa, duk ba naka ba ne. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe ma haka. Sarƙa ta kwanta a miƙe, kada ta murɗe, kada ka yi mata ƙulli. Ƙugiya ta zauna sosai a kan zobe, ba da ɗan bakinta ba. Inda sarƙa ta bi ta kan kaifin ƙarfe, ka sa mata guntun taya. In hannun maɗauri ya kwanta, ka tabbata ya kwanta har ƙarshe, sannan ka naɗe shi da ragowar sarƙa ko ka ɗaure da waya. Ranar nan ban ga ka ɗaure ba. Ina zaune a ƙasa ne, amma idona yana aiki. Da haka ka fita garin nan, ni kuma na kwana ina bin ka a zuci daga kwalbati zuwa kwalbati.

Na san abin da za ka ce, don na ji direbobin yanzu suna faɗa. Za ka ce hanyar Anka ba a son tsayawa, gara a matse kaya tun daga tasha har su yi kuka, yadda ba sai an sake saukowa ba. Gaskiya ne hanyar ta lalace, mu da muka bi ta da dare muna waƙa yau ko da rana sai da addu'a. Ban ce ka tsaya a daji ba, Allah Ya kiyaye. Amma matsewar hauka ba ta hana kaya zama. Duk yadda ka ɗame sarƙa, in mota ta yi 'yar tafiya kayan sai sun nutsa, sarƙa ta saki. Maganinsa dubawa ne, ba bututu ba. Ka tsaya tun ba ka yi nisa ba, a cikin gari, bakin kasuwa, inda akwai mutane. Ka sauko ka bubbuga kowace sarƙa, wadda ta saki ka gyara. In ka iso Anka ka sake. Wanda yake gudun 'yan bindiga ya je ya fasa kansa a tasha, ko kaya suka zube masa a tsakiyar dajin da yake tsoro, me ya tsira da shi?

Sai maganar masu taimako, kuma a nan ka buɗe kunne, don halinmu ne. Mu mutanen nan ba ma iya ganin mutum yana fama mu wuce. Da an ga kana kokawa da ƙarfe, wannan zai ajiye rakensa, wancan zai taso daga benci, kowa ya kawo hannu. Hali ne mai kyau, a gona da ginin ɗaki da ɗaukar gawa. A kan maɗauri kuwa masifa ne. Mutum uku a kan ƙarfe ɗaya, ba wanda ya san lokacin da ɗan'uwansa zai saki. Ka ga dai yadda aka yi da kai. Kuma da bututun nan ya sauka ƙasa kaɗan, ba kwano zai samu ba, mutanen da ke shan shayi zai samu. Maɗauri aikin mutum ɗaya ne. Na san da nauyi ka ce wa babba ya matsa. Ka ce masa, "Baba, don Allah riƙa mini wancan gefen tamfol." Ka ba shi aikin da zai nisanta shi, ya tafi da mutuncinsa, kai ma ka zauna da naka. In ya ƙi ji, ka ɗaga murya. Gara ya yi fushi da kai.

Akwai kuma maɗauri na zamani, wanda ake kaɗa hannunsa gaba da baya yana ƙaras-ƙaras, yana jan sarƙa a hankali. Shi ba ya tara ƙarfi a hannu ya dawo wa mutum irin na da. Mu ba mu same shi da ƙuruciya ba, da mun samu da yanzu ina cin rake. Ka gaya wa maigidanka ya sa maka irinsa a mota. Ka riƙa shafa wa zaren notinsa mai, ka warware ɓangarorinsa biyu daidai kafin ka maƙala, kuma shi ma kada ka zura masa bututu, hannu ya ishe shi. Na san ka, za ka ce kana jin nauyin maigida, sabon direba ne kai, kada a ce ka cika fitina. A wurina ka gado wannan, kuma ga ni na gaya maka inda ta kai ni. Ka buɗe baki ka faɗa masa. Mutumin da ya ba ka amanar tirela ba zai so a kira shi a ce direbansa yana kwance ba.

Mamman ya zo gida duba ni, ya tarar da ni da hular a hannu. Ya ce, "Kai dai Garba ka cika abin mamaki. Ƙarhen ga ya kakkarye ma haƙora ba ka yi kuka ba, yau hula ta sa ka zama awa marar lahiya." Na ce masa ai haƙoran nawa ne. Sannan ya ce, "To in ya dawo mi za ka yi? Ka koma rumhwata kana ta kiran 'kai, kai'?"

Yanzu ina da amsar tambayarsa. Jiya bayan na dawo daga masallaci da safe, na zaga bayan gida wajen turken awaki, inda ba kowa, na gwada faɗin sunanka. Tsoho da furfura, yana tsaye gaban awaki yana koyon magana. Da fari iska kawai ta fito. Na sake, ya fito a shaƙe. Na yi ta yi har ya fito sosai, da ƙarfi, yadda za a ji daga wannan bakin tasha zuwa wancan. Ashe Innarku tana bayan danga tana shanya. Na juyo muka haɗa ido. Ta ja mayafi ta rufe fuska, na ɗauka kunya ce, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Sake hwaɗi in ji." Na sake.

Ban raina abin da iyayenmu suka bar mana ba. Kakarka ta yi mini kunya har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba. Amma ita ba ta taɓa tsayawa tana kallon ƙarfe yana nufar goshina ba. Ni na tsaya. In ka dawo ka yi lodi a garin nan, zan zo tasha, kuma ba a rumfar Mamman zan tsaya ba. Zan tsaya kusa da motarka. In na ga ka miƙa hannu wajen bututu, ko ka sunkuya a kan ƙarfe, zan kira ka a gaban kowa, duk mai dariya ya yi. Kai dai abin da nake roƙo, ba ka san muryata da sunanka ba, ka riƙe a ranka cewa ni ne. In ka ji, ka saki abin da ke hannunka ka juyo.

Hularka Innarku ta ce za ta ɗinke, na hana ta. Tana rataye a ƙusa a ɗakina yadda take, sai ka zo ka sa yatsanka a ciki da kanka. Kifin kuwa ƙannenka sun cinye, za a soya maka wani.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin hanya, da sharrin waɗanda ke cikin daji. Ya sa ka sauke kowane kaya lafiya, ka kwance kowace sarƙa da yatsunka goma. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, da fuskar da ka fita da ita.

Allah Ya yi maka albarka, Sirajo.

Ga shi na rubuta. Sirajo, ɗana, ka tsaya a gefe.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Garba.